Awon Ƙashin Motar Babanku

4 ga Maris

Autana,

Na yi maka sallama, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka a tsaye da ƙafafunka. Mu nan ga yadda muke. Yayarka lafiya, sai haƙorin nan da ta ƙi kai wa likita. Mijinta lafiya. 'Yan biyunta sun yi mura sun warke. Baffanka ƙafarsa ta hagu ta sake kumbura, ya ce ba komai, yana nan yana walda a kanta. Maƙwabciyarmu mai ɗinki an yi mata aikin ido, ta fara gani, har ta fara ba da labarin abin da ta gani. Ni kuwa gwiwa ce da safe, in rana ta ɗaga sai ta sake ni.

Takardarka ta iso da zanen. Na gode da ka rubuto, domin a waya lambobi ba sa zama a kaina. Ka san ban san baƙi ba sai da furfura ta fito mini, a ajin matan nan na yamma, to kada ka yi wa rubutuna dariya. In layi ya gangara ka bi shi, zai kai ka.

Na buɗe garejin babanku. Shekara shida ke nan, tun rasuwarsa, ban wuce bakin ƙofa ba. Warin nan yana nan, na ƙarfe da baƙin mai. Rigar aikinsa na rataye a ƙusarta, aljihun ya yi nauyi, na sa hannu na tarar da alli da noti uku. Na yaye tamfol ɗin, ga ƙashin motar a kan ƙafafun ƙarfe huɗun da ya ƙera masa, bututu a kan bututu, ya yi ja da tsatsa amma ko'ina a haɗe. Sai na tuna yadda yake zama a ciki bayan an tashi aiki, ba taya, ba inji, ba kujera, kofin shayi a hannu, yana ce mini, "Wannan in ta tashi, zama ne a ƙasa ana gudu. Wuri biyu na yi, ɗaya naki." Ni kuma in ce ya ba wani, ina son raina.

Ga awon da ka ce in yi. Na sa tabarau, yayarka ta riƙe mini bakin tef. Daga ƙasa zuwa ramin kunnen ƙarfen nan da ka ce taya za ta kama: gaba dama santimita arba'in da ɗaya, gaba hagu arba'in da ɗaya, baya dama arba'in da ɗaya, baya hagu arba'in da huɗu. Na ga na ƙarshen ya fita daban, na ce ko ni ce. Sau uku na sake. Yayarka ma ta duba, haka yake. Daga ramin gaba zuwa na baya kuwa, ɗari biyu da talatin ne kowane gefe.

Yanzu ka yi mini bayanin wannan abin da ka zana, wanda ka rubuta jig a kansa. Na juya takardar ta kowane gefe, ni dai tsani nake gani a kwance. Mene ne aikinsa?

Kuma Auta, motar da ba ta da rufi, wadda aka yi don gudu kawai, ina za ka da ita? Ban hana ka ba, tunda shi ma ban hana shi ba. Tambaya ce. Kana cin abinci a kan lokaci? A hoton da ka aiko wuyanka ya yi tsawo.

Innarka

15 ga Maris

Inna,

Na amsa sallama. Ina lafiya, aiki ne kawai ya yi yawa, muna da bodin manyan motoci tara da za mu fitar kafin ƙarshen wata. A gaida Yaya, a ce mata haƙori ba ya warkewa da kallo. Wuyana kuwa haka Allah ya yi shi, naki na ɗauko.

Rubutunki ya fi na shugaban sashenmu kyau, kuma awon ya fito sarai.

Abin da kika gani kamar tsani tebur ne na ƙarfe, shi muke kira jig a wurin aiki. Ƙarfe in ya sha zafin walda motsi yake yi, ya ja nan, ya saki can. In ba a ɗaure shi ba, sai an gama a ga abu ya murɗe. Shi ya sa ake fara ƙera teburin. Dogayen ƙarafa biyu masu kauri, mita uku da rabi, da guda biyar a gicciye. A ja layi ɗaya a tsakiya, daga shi ake auna komai. Sai a kafa 'yan sanduna a tsaye, kowanne da raminsa daidai inda kunnen taya zai zauna. A ɗaure kunnuwan da noti, sannan a yi walda. Ko ƙarfen ya so motsi, ba hanya.

Ga maganar da ban so faɗa ba. Kusurwa uku sun zo ɗaya, ta huɗu ta fi da santimita uku. Ma'anarsa ƙashin ya murɗe. A motar kasuwa ma uku ya yi yawa, balle wadda za ta yi gudu. Taya ɗaya ba za ta taka ƙasa da ƙarfi ba, a kan kwana sai motar ta yi inda take so. Ke da kike jin tsoro, wannan ne abin tsoron.

Baba bai da irin wannan teburin. Ya yi iya ƙoƙarinsa da ɗan abin da yake da shi. Na rubuta wa Baffa ya yanka ƙashin in ya sami sarari, ya ware bututun da za su moru. In an gama teburin sai in haɗa sabo a kansa, da zanen Baba, ba zan canza komai ba.

Ki yi haƙuri. Ki kula da gwiwar.

Autanki

6 ga Afrilu

Inna,

Sati uku ke nan ban ga takardarki ba. Na kira, Yaya ta ce kina lafiya amma kin ce ba ki da abin faɗa a waya. Na kira Baffa, ya ce in tambaye ki, wai shi ba zai shiga tsakanin uwa da ɗa ba.

In maganar motar ce gaba ɗaya ba kya so, ki faɗa mini, in bari. Na fahimci tambayar da kika yi ta ina za ni da ita. Amma shirun nan ya fi faɗa ciwo. Ko layi biyu ne ki rubuto.

Autanki

14 ga Afrilu

Autana,

Sallama. Kowa lafiya. An cire haƙorin yayarka, ta yi kwana biyu ba ta magana, gidan ya huta. Ƙafar Baffanka ta saɓe.

Ba ka gane shiruna ba. Ba don ka bar motar na yi shi ba. Layi ɗaya ne a takardarka ya tsaya mini a wuya, inda ka ce ya yi iya ƙoƙarinsa da ɗan abin da yake da shi. Haka ake faɗa wa wanda ya gaza ana lallashinsa. Na karanta shi ya fi sau ashirin, da yatsa, ko zai canza. Mutumin da ya yi shekara talatin ana kawo masa abin da wasu suka lalata yana miƙar da shi. Kuma da hannuna na auno lambar da aka kama shi da ita. Na ce da ban koyi karatun ba, da ƙashin na nan a rufe da mutuncinsa.

Zan kuma faɗa maka gaskiya. Wani ɓangare na zuciyata ya so a yanka ɗin. Na ce in babu ƙashi sai ka gaji ka bari, in huta da tunanin kwana da taya. Na ji kunyar wannan, shi ma ya hana ni ɗaukar biro.

Ranar Asabar da safe Baffanka ya zo da injin yankan ƙarfe a kafaɗa. Na riga shi shiga, na zauna a kan bututun gefe.

Ya ce, "Matar Yaya, tashi mana, umarnin injiniya ne."

Na ce, "Injiniyan ni na yi masa wanka. Fara yankan daga kaina."

Ya ce, "Ke faifan yankan ba zai ci ki ba, kin fi ƙarfen tauri."

Ya ga ba zan tashi ba, sai ya ce to a share wurin tukuna, ƙura ta yi yawa, ko kafin nan na huce. Yayarka ta share, ta ɗauko bokiti ta watsa ruwa a tsakiyar ɗaki. Ina zaune ina kallon ƙasa don kada in kalli Baffanka. Sai na ga ruwan ya taru, ya kama hanya, ya bi ta ƙarƙashin ƙashin, ya nufi kusurwar baya ta hagu, inda ramin magudana yake a gindin bango. Na ce ta ƙara bokiti ɗaya. Ta ƙara. Can ya sake tafiya.

Auta, babanku ne ya zuba simintin garejin nan da hannunsa, kafin a haife ka. Da gangan ya kwantar da wannan kusurwar, don in an wanke inji ruwa ya fita. Kuma bai taɓa aunawa daga ƙasa ba, ko sau ɗaya. Na manta ne, domin ka ce daga ƙasa, ni kuma abin da aka rubuta a takarda ina ganin girmansa.

Da tiyo yake awo. Doguwar roba ce siririya wadda ake ganin cikinta. Ya cika ta da ruwa, ya ɗiga ɗan shayi don a ga layin. Sai ya ɗaga bakunan biyu ya yi ta ɗan bugun jikinta har iskar ciki ta fita tas, domin ya ce ƙwayar iska ɗaya tana ɓata aikin yini. Ruwan wannan baki da na wancan kullum tsayinsu ɗaya, ko ƙasa ta kwanta ko ta tashi. Aikin mutum biyu ne, kuma ni ce ta biyun. Nakan durƙusa a kunnen gaba na dama da bakin tiyon da yake nawa, shi ya zaga da nasa. Ban san lamba ba a lokacin, bai kuma nemi in sani ba. Ya ce in kalli tsakiyar ramin kawai. In ce masa ɗaga, ɗaga, ya yi yawa, sauke, tsaya. In zai matsa sai kowa ya toshe bakinsa da babban yatsa. Wata rana na manta ban toshe ba, ruwan ya wanke masa takalmi, ya bi ni har tsakar gida da tiyon, tukunya na ƙonewa a kan wuta, muna dariya kamar ba mu da 'ya'ya uku.

Tiyon na nan a bayan ƙofa, ya bushe, na taɓa shi ya karye. Na aiki yayarka shagon kayan famfo ta sayo mita goma. Baffanka yana ta ƙunƙuni, wai yau an mai da shi ɗan koyo. Na ce ya riƙe bakinsa ya yi shiru, duka bakunan biyu nake nufi.

Na durƙusa a wurina, gwiwar ta yarda. Na daidaita ruwa da tsakiyar ramin. Ya je gaba hagu, ya ce daidai. Ya je baya dama, ya ce daidai. Ya je baya hagu, sai na ji shiru.

Na ce, "Baffan yara, ka mutu ne?"

Ya ce, "Zo ki gani da idonki."

Na ba yayarka bakina, na nuna mata inda za ta tsayar, na zaga. Ruwan na tsakiyar ramin, ko kaurin farce bai kauce ba. Muka musanya wuri muka sake, muka zubar da ruwan muka cika sabo muka sake. Haka dai.

Sai Baffanka ya kwanta a jiƙaƙƙiyar ƙasa ya leƙa ƙafar ƙarfen da ke riƙe da wannan kusurwar. Ya kankare tsatsar da wuƙa. Akwai ƙari a gindinta, guntun ƙarfe mai tsayin yatsu biyu, an yi masa walda. Ya daɗe yana shafa wurin. Ya ce, "Hannun Yaya ne. Dubi yadda ya jera ta, kamar ɗinki." Ya tashi ya naɗe wayar injinsa, bai kalle ni ba, ya ce ƙura ta shiga masa ido, a ɗakin da aka gama wankewa.

Ya ce ba zai yanka ba sai ya sake ji daga gare ka, tunda kai ka rubuto masa. Ni ban san lissafinku ba. In har yanzu akwai abin da zai sa motar ta kashe ka, ka faɗa, ni da kaina zan riƙe masa wayar injin ya yanka. Amma ba a kan santimita ukun nan ba. Ukun nan na ƙasa ne, ba na babanku ba.

Innarka

23 ga Afrilu

Inna,

Na karanta takardarki a tsaye a bakin ƙofar masana'anta, sai da na nemi wuri na zauna.

Kuskuren nawa ne. A inda nake aiki, daben an zuba shi ne da na'ura, ana kuma duba shi duk shekara, saboda haka daga ƙasa muke auna komai ba tare da tunani ba. Shekara takwas ina haka, har na manta akwai ƙasar da aka kwantar don ruwa. Awonki daidai ne, tambayata ce ba daidai ba. Layin nan da ya tsaya miki, na janye shi. Baba yana da tebur. Ƙafafun nan huɗu da tiyon su ne teburinsa, kuma ba shi kaɗai ya yi aikin ba. Ban taɓa sanin ke ce a ɗaya bakin ba.

Na kira Baffa, ba za a yanka komai ba.

Ga sabon zane. Na rage faɗin teburin don ya shige ƙarƙashin ƙashin, tsakanin ƙafafun Baba. Na ba shi ƙafa shida, kowace da babban noti a gindi, ana juyawa ta hau ko ta sauka, don kada ƙasa ta sake yaudarar kowa. Sandunan kuwa ba za a huda su da lissafina ba. Za a kafa kowanne a jikin kunnen da Baba ya yi, a huda ramin a inda nasa yake. In an ɗaure duka huɗun sai a zare ƙafafunsa, ƙashin ya koma kan teburin, in ci gaba daga inda ya tsaya. Saura wurin inji, da sitiyari, da baka mai kauri a bayan kujeru wadda za ta kare kai. Wannan ta ƙarshen don ke na ƙara ta.

Roƙo ɗaya. Kafin a taɓa komai, ku ɗauki tsayin ruwan nan ku sa alama a bango huɗu, don ko an motsa wani abu a sami inda za a koma.

Na nemi hutu, ban ji amsa ba tukuna.

Autanki

2 ga Mayu

Autana,

Sallama. Duk muna lafiya, in ban da Baffanka da tartsatsi ya ƙona a wuya, shi ma don taurin kai ne, ya ƙi ɗaure maɓalli.

Na karɓi janyewarka. Maganar ta wuce, kada ka sake tada ta.

Ƙarafan sun iso, an jera su a zaure, kowa sai ya tsallaka. Baffanka ya fara haɗa teburin. Ya ce notin ƙafafun dabara ce mai kyau, amma kada in faɗa maka, kanka zai kumbura. Ya ce zai gama ranar ashirin ga wata.

Mun yi alamun bango. Da na goge ƙurar bangon gabas sai na tarar da tsohon layi na alli, ya dushe, an rubuta wani abu a gefensa. Shekara da shekaru ina wuce shi ban san magana ba ce. Na sa tabarau na haɗa baƙaƙen. Ya rubuta, "tsayin ruwa, ita ta ce tsaya." Ruwanmu ya sauka a kan layin nasa. Ban ja sabo ba a wannan bangon.

Bakan da ka ƙara na gani a zanen. Ka ƙara masa kauri in da hali. Tsorona bai tafi ba, na dai ajiye shi gefe.

Yanzu ga magana. Baffanka yana so ranar da ya gama ya tura teburin ya zare ƙafafun babanku, wai aikin awa biyu ne. Na ce a'a. Ƙafafun nan shi ya ajiye su, ba wanda ya gusar da su tun ranar da ya rasu. Ba za a zare su kana wani gari ba. Kuma in za a daidaita teburin, ni zan durƙusa a kunnen gaba na dama, ɗaya bakin kuma naka ne, ba na Baffanka ba, ya riga ya yi nasa.

Ka je wurin shugaban naku ka tsaya a kansa. Ka rubuto mini ranar da za ka iso, amsar ta same ni kafin sha biyar ga wata, don in san abin da zan faɗa wa Baffanka. Ka zo da takalmin da ba ka jin tausayinsa, hannuna ba kamar da ba ne.

Innarka